Kamshaf da kwanbata a tsohuwar Chevelle: wanne ake fara zaɓa?

Wani ƙaninmu mazaunin jihar Texas ta Amurka ne ya aiko da tambaya. Ya sayi Chevelle, motar kamfanin Chevrolet, ƙirar 1972, injinta 350 (girmansa a kubik inci), giyabos ɗinta na otomatik TH350, giyar aksul ɗin baya 2.73, tayoyinta inci 26. Ya ce ba tsere zai yi da ita ba, fitar yammacin Asabar ce da zuwa taron masu tsofaffin motoci, wani lokaci kuma tafiyar awa biyu a babbar hanya. Abin da yake so shi ne wannan gurnani mai tsalle-tsalle da yake ji a motocin abokansa idan suna sulo. Idonsa ya faɗa kan kamshaf (sandar da take buɗe bawul a cikin injin) XE274H na kamfanin Comp Cams, sai yake tambaya: ya saka shi ya bar kwanbatar da motar ta zo da ita (kwanbata ita ce take haɗa injin da giyabos na otomatik ta hanyar mai), ko ya haɗa da kwanbata mai sitol 3,000, wato wadda take barin injin ya hau juyi 3,000 a minti kafin ta kama shi?

Ƙanena, a yadda motarka take yanzu, kada ka yi ko ɗaya daga cikin biyun. Idan ka bar tsohuwar kwanbata, motar za ta riƙa wahalar da kai a kowace danja. Idan ka saka mai 3,000 a kan aksul 2.73, za ka riƙa dafa man giya a kowace fita. Laifin ba na kamshaf ɗin ba ne, kaya ne mai kyau a injin da ya dace da shi. Matsalar ita ce ka fara zaɓi daga sauti, alhali ana farawa ne daga juyin da injin zai fi daɗewa a cikinsa idan kana tuƙi. Wannan juyin kuwa aksul da taya ne suke yanke shi, ba kamshaf ba.

Bari mu fara da lissafin da zai ɗauke ka minti ɗaya. Ka ɗauki gudun mota a mil, ka ninka da lambar aksul, ka ninka da 336, ka raba da tsayin taya a inci. TH350 giya uku gare ta, 2.52 da 1.52 da 1.00, wato a giya ta uku injin da farfela tafiyarsu ɗaya. A mil 65 cikin awa, da 2.73 da taya inci 26, injinka yana juyi kusan 2,300 a minti. A cikin gari, a mil 45, yana wajen 1,600. Ka riƙe waɗannan lambobi biyu, domin a tsakaninsu motarka za ta yi kusan duk rayuwarta. Duk kamshaf ɗin da bai farka ba sai ya wuce nan, kuɗinsa ka biya amma ba za ka ci moriyarsa ba.

Yanzu ga abin da kamshaf yake yi. Sanda ce mai tozaye, kowane tozo yana ɗaga bawul ya buɗe ya kuma bar shi ya rufe. Lambar da ta fi muhimmanci a takardarsa ita ce tsawon buɗewa, ana auna ta da digiri na juyin kiranshaf daga lokacin da tafet, ƙarfen da yake hawa kan tozo, ya ɗagu da inci 0.050. Kada ka ruɗu da 274 da ke cikin sunan, wannan lambar talla ce, kowane kamfani da inda yake fara ƙirga tasa. A ma'aunin 0.050, wanda kowa ya yarda da shi, XE274H digiri 230 ne a bawul ɗin shiga, 236 a na fita. Wanda injinka ya fito da shi daga masana'anta yana wajen 195 zuwa 200. Tazarar digiri talatin da wani abu ke nan, kuma a wannan sana'ar digiri goma ma canji ne da direba yake ji a ƙafarsa.

Dalilin da ya sa dogon kamshaf yake raunana injin a ƙasa shi ne wannan. Bawul ɗin shiga ba ya rufewa daidai lokacin da fistin ya kai ƙasa, sai fistin ya fara dawowa sama. Idan injin yana gudu sosai, iskar da ta taho da ƙarfi tana ci gaba da kutsawa cikin silinda ko da fistin ya juyo, saboda haka jinkirin rufewa riba ne. Amma a juyi 1,500 iskar ba ta da wannan gudun, sai fistin ya tura wani kaso nata ya mayar ta inda ta fito. Abin da ya rage a silinda kaɗan ne, matsinsa kaɗan, bugunsa kaɗan. Injin da aka gina da matsi mai yawa yana iya jure wannan asarar. Naka ba ya cikinsu. Daga 1971 General Motors ta sauke matsin injunanta domin su sha fetur marar dalma, 350 na 1972 kuwa 8.5 ne a takarda, kuma da yawa idan ka buɗe ka auna ba sa ma kaiwa nan. Ka ɗora digiri 230 a kan wannan, sai ka samu motar da ta fi ta da rauni a tashi, ba za ta fara nuna kanta ba sai wajen 3,000.

Masu ƙera motocin sun san haka tun a wancan zamani. Injin 327 mai lamba L79, wanda kamshaf ɗinsa bai wuce digiri 222 ba, da matsi 11 ya fito, kuma ba a sayar da shi da giyar otomatik ba. Camaro Z/28 ta 1967 zuwa 1969 ma sai da giyar hannu. Sai a 1970, da injin LT-1 mai matsi 11 da aksul 3.73, aka fara ba Z28 otomatik. Ka ga duk inda suka saka babban kamshaf, sun raka shi da matsi, da gajeriyar giya, wato aksul mai babbar lamba, da kuma hanyar da injin zai hau sama kafin a ɗora masa nauyi.

Sai maganar gurnanin da kake so. Akwai ɗan lokaci a saman tafiyar fistin da bawul ɗin fita bai gama rufewa ba, na shiga kuma ya fara buɗewa. Idan kamshaf ya yi tsawo, ko tazarar da ke tsakanin tozayensa ta matse, misali digiri 110 ko 108 maimakon 114, wannan haɗuwar tana ƙaruwa. A sulo sai hayaƙi ya riƙa komowa yana gauraya da sabon mai, wata silinda ta kama da kyau, wata ta kama rabi. Wannan rashin daidaiton shi ne tsalle-tsallen da kunne yake jin daɗinsa. Ni ma ina sonsa, ban taɓa gajiya da jinsa ba. Amma yana da farashi, kuma farashin shi ne ƙarfin zuƙo na cikin manifol. Lafiyayyen 350 na masana'anta yana ba da inci 18 zuwa 20 a geji. Da digiri 230 a kan tazara 110 a injin mai ƙaramin matsi, abin da na saba gani 10 zuwa 12 ne idan mota tana cikin giya. Bustar birki tana son wajen 15 zuwa sama. Ƙasa da haka, takun farko zai yi daidai, na biyu a jere sai ka ji feda ta yi tauri kamar dutse. TH350 ma da zuƙon take sanin nauyin da ke kan injin, ta wani ɗan gwangwani da ke gefenta. Idan zuƙo ya yi ƙasa sai ta ɗauka ka taka totur ne, ta riƙa jinkirta canjin giya tana bugawa da ƙarfi.

Wannan ba labarin da aka ba ni ba ne. Farkon shigata aikin waɗannan motoci, na saka kamshaf mai irin wannan girma a wata Nova tawa, na bar kwanbatarta yadda take. A gareji, giya tana P, sautin ya cika wurin, har maƙwabta suka leƙo. Ina mayar da ita D sai ta yi tsalle ta mutu. Na ƙara sulo zuwa kusan 1,000 don ta zauna, sai ta koma jan kanta gaba a danja, ina danne birki gwiwata tana rawa. Ranar da na gane abin ya wuce wasa, ina saukowa ne daga gada cikin cunkoso, na taka birki sau uku a jere, a na uku feda ta ƙi shiga, motar da ke gabana tana matsowa. Allah ya kiyaye na tsaya saura ƙiris. A makon na cire kamshaf ɗin.

To me ya sa tsohuwar kwanbata take kashe injin haka? Ka ɗauki randa cike da ruwa, ka ɗora ƙwarya a kai, ka riƙa juya ruwan da muciya. Idan kana juyawa a hankali ƙwaryar ba ta damu ba, kana iya tsayar da ita da yatsa. Idan ka ƙara sauri sai ruwan ya ɗauke ta da ƙarfi. Haka kwanbata take: ɓangare ɗaya yana haɗe da injin yana watsa mai, ɗayan yana haɗe da giyabos yana karɓa, ba ƙarfen da ya haɗa su. A tsakiyarsu akwai ƙaramar fanka ta uku mai juyawa gefe ɗaya kawai, tana karkato man da ya dawo ya sake taimaka wa injin. Ita ce take ninka ƙarfin murɗa kusan sau biyu a lokacin tashi. Sitol kuwa shi ne iyakar juyin da injin zai iya kaiwa idan ka buɗe totur gaba ɗaya alhali tayoyi ba su motsa ba. Kwanbatar masana'anta tana kama injin a wajen 1,400 zuwa 1,800. Ga kamshaf na asali wannan daidai ne, domin a nan yake da ƙarfi. Ga mai digiri 230 kuwa, an ɗora masa mota mai nauyin kusan fam 3,500 a daidai inda ba shi da numfashi. A sulo ma matsattsiyar kwanbata tana jan injin da ba shi da ƙarfin jurewa, shi ya sa yake mutuwa da an shiga giya.

Aikin kwanbata mai sitol ke nan: ta saki injin ya hau zuwa inda kamshaf ya farka kafin ta kama shi. Daidai yake da yadda mai giyar hannu yake ba da wuta kafin ya saki kuloci. Ƙa'idar da nake bi a motar titi ita ce sitol ya zarce lambar farko da kamfanin kamshaf ya rubuta a matsayin mafarin ƙarfinsa da wajen 400 zuwa 500. An rubuta wa XE274H 1,800 zuwa 6,000, ke nan yana son abin da ya kai 2,300 zuwa sama, a injin mai isasshen matsi.

Sai dai akwai abin da masu saye da yawa ba su sani ba, kuma nan ne kuɗi yake yawan salwanta. Lambar da aka rubuta a kwalin kwanbata ba tabbatacciya ba ce. Sitol yana tafiya ne da ƙarfin murɗar injin da ke gabanta, sai ƙarfin ya ninka huɗu kafin sitol ya ninka biyu. Kwanbatar da ta ba da 2,400 a bayan injin mai ƙarfin murɗa 350 a ma'aunin Amurkawa, idan ka mayar da ita bayan babban injin mai 450 za ta haura 2,700, idan kuma ka sa ta a bayan raunanan injin mai 280 za ta tsaya wajen 2,150. Ka lura da abin da wannan yake nufi a wurinka. Babban kamshaf ya rage maka ƙarfi a ƙasa, saboda haka kwanbatar ma za ta kama ƙasa da yadda aka rubuta, a daidai lokacin da kake buƙatar ta saki. Shi ya sa mutum yake sayen mai 2,400, bai ga canji ba, ya koma ya sayi mai 3,000, har yanzu motar ba daɗi. Nauyin mota da doguwar giya kuwa suna ɗaga juyin da injin yake tsallakawa zuwa gare shi idan ka taka totur farat ɗaya.

Hanyar aunawa ma iri biyu ce. Wasu suna danne birki su taka totur su duba agogon juyi. Wannan yakan ba da lamba ƙasa da gaskiya, domin tayoyin baya suna ƙwacewa kafin injin ya kai iyaka, kuma yana dafa mai cikin daƙiƙu, kada ka wuce daƙiƙa biyar idan za ka yi. Wanda ya fi gaskiya shi ne kana tafiya a hankali, ka taka totur ƙasa gaba ɗaya, ka ga inda allura ta yi tsalle ta tsaya kafin mota ta ɗauka.

Mu dawo kan mai 3,000 da aksul 2.73. Za ka ji ana cewa dole sitol ya kasance ƙasa da juyin da kake tafiya da shi a babbar hanya. Maganar tana da tushe amma ba a ɗauke ta kamar doka ba, domin sitol na cikakken totur ne, idan kana tafiya da ɗan taku kaɗan kwanbata mai kyau tana kamawa tun ƙasa da lambarta sosai. Amma ka duba naka: 1,600 a gari, 2,300 a hanya, mota mai nauyi, doguwar giya, zafin Texas, ga TH350 ɗinka ba ta da kulocin da yake kulle kwanbata. Duk ɗan hawa, duk wuce wata mota, injin zai yi sama mota tana biyo shi a baya, kamar kuloci mai santsi. Wannan santsin ba ya ɓacewa, zafi yake zama a cikin mai. Man giya yana son zama tsakanin digiri 175 zuwa 200 a ma'aunin Amurka, wato wajen 80 zuwa 93 a namu. Idan ya riƙa kaiwa 250, kwanansa da na giyabos sun fara ƙarewa. An taɓa kawo mini El Camino da irin wannan haɗin, kwanbata mai arha da aka samu sitol ɗinta ta hanyar lanƙwasa fukafukan tsohuwa. Na zaro sandar awon mai na goga a farin tsumma. Maimakon ja mai haske, ruwan ƙasa ne mai duhu, warinsa kamar tuwon da ya kama a gindin tukunya. Da muka sauke faranti, ƙasansa baƙin gari ne na fatun kuloci. Giyabos ɗin bai cika shekara da gyara ba.

Saboda haka ga abin da zan yi da motar nan tawa ce.

Idan ba ka son taɓa aksul ko kan injin, wato murfin da yake rufe saman silindoji, a yanzu, ka tsaya a kamshaf mai digiri 204 zuwa 214 a bawul ɗin shiga. Performer na Edelbrock mai lamba 2102, wato 204 da 214 a kan tazara 112, yana zama lafiya da kwanbatar masana'anta. XE256H, mai 212 da 218 a kan 110, ya ɗan fi shi motsi, kuma kwanbata mai 1,800 zuwa 2,000 tana yi masa kyau. Ba za ka samu tsalle-tsalle sosai ba, amma motar za ta fi yadda take yanzu ƙarfi a ko'ina, birki zai zauna daram.

Amma shawarar da zuciyata ta fi kwanciya da ita tana buƙatar ka ɗan ƙara haƙuri da kuɗi. Ka fara da kan injin. Na 1972 ɗakin ƙonawarsa babba ne, wajen sisi (cc) 76. Idan ka sauya zuwa mai sisi 64, matsi yana hawa da kusan lamba ɗaya, ka dawo wajen 9.3 zuwa 9.5, wanda fetur mai lamba 91 ko 93 na gidan mai yake ɗauka idan an saita tayimin daidai. Wannan sauyin shi kaɗai ya fi kowane kamshaf tasiri a injin irin naka. Sai aksul, ka koma 3.36. A mil 65 za ka riƙa juyi wajen 2,800, akwai ɗan ƙara a cikin mota amma ana jurewa awa biyu. 3.08 zai ba ka kusan 2,600 idan doguwar tafiya ta fi yawa, 3.55 kuwa ya kusa 3,000, a wurina ya yi yawa ga mai giya uku. Ka sani cewa tashi daga 2.73 zuwa waɗannan yakan buƙaci sauya kwandon da giyar take ɗaure a jikinsa, ka saka wannan a lissafin kuɗi. A kan wannan ginin sai ka ɗora XE262H, digiri 218 da 224, ɗagawar bawul inci 0.462 da 0.469, tazara 110, ka haɗa shi da kwanbata mai 2,200 zuwa 2,400. A sulo 750 za ka ji gurnani wanda duk mai kunne zai san an taɓa injin, zuƙo zai zauna wajen 14 zuwa 16, motar za ta tashi daga danja da ɗan taɓa totur, kuma juyin babbar hanya yana sama da sitol. XE268H, mai 224 da 230, shi ne iyakar da zan yarda da ita a wannan ginin, shi ma sai da 3.36 zuwa sama da kwanbatar da ta kai 2,400.

In kuwa ranka ya kafe a kan 274, ba zan hana ka ba, amma ka saye shi da danginsa: matsi 9.5 zuwa 10, aksul 3.55 ko 3.73, kwanbata 2,500 zuwa 2,800, da tankin ajiye zuƙo ko famfon lantarki saboda birki. Da 3.73 da giya uku kana juyi sama da 3,100 a mil 65, awa biyu a haka azaba ce ga kunne da aljihu. Maganinsa giyabos mai giya huɗu. 200-4R giyarta ta sama 0.67 ce, tsawonta kusan ɗaya da TH350 mai gajeriyar jela, sau da yawa farfela ba ta buƙatar yanka, sai dai a matsar da gadar da take zaune a kai. 700R4 tana da 0.70 a sama da 3.06 a giyar farko, amma ta fi tsawo, sai an rage farfela. Dukansu suna kulle kwanbata a hanya, santsi ya ƙare, zafi ya sauka. Da 200-4R da 3.73 juyinka ya dawo wajen 2,100. Kada ka bari ya sauka ƙasa da 2,000 da wannan kamshaf, domin idan kwanbata ta kulle a can motar za ta riƙa fizga kamar doki mai jan linzami. Waɗannan giyabos biyu kuma suna da wayar da take zuwa kafireta tana saita matsin mai. Idan ba a ɗaure ta daidai ba, ƴan mil kaɗan sun isa su ƙone sabon giyabos. Ka ga kamshaf na ƴan ɗaruruwan dala ya jawo aikin dubbai, ka yanke shawara idonka a buɗe.

Game da sayen kwanbatar kanta, a nan ne ba na son ka yi rowa. Biyu za su iya ɗaukar lamba ɗaya, 2,400, ɗaya ta riƙa santsi duk yini, ɗaya kuma ka manta an canja ta sai ka taka totur. Bambancin yana cikin faɗinta da siffar fukafukai da fankar tsakiya da yadda aka matse tazarar ciki. Ka kira masu ginawa ka ba su gaskiyar lambobinka: girman injin, matsi, takardar kamshaf, aksul, taya, nauyin mota, da yadda kake tuƙi. Kada ka ƙara wa injinka ƙarfin da ba shi da shi, domin da abin da ka faɗa za su gina, idan ka zuga lamba za ta zo maka a matse. Duk sitol da ya haura na masana'anta kuma, ka ƙara ɗan lagireton man giya a gaban babban, man ya bi ta cikin na asali sannan ya shiga sabon, ka sa geji ka riƙa gani.

Kafin ka ɗora wa kwanbata laifi bayan an gama aiki, ka duba tayimin. Injin mai babban kamshaf yana son wuta ta riga, digiri 14 zuwa 18 a sulo maimakon ƴan kaɗan da littafin 1972 ya rubuta, jimilla kuma, wato idan injin ya hau sama, wajen 34 zuwa 36 ga tsofaffin kawuna, sababbi masu saurin ƙonawa ƙasa da haka kaɗan. Wannan yana nufin sai an rage tafiyar distributa daga ciki don jimillar kada ta wuce. Motoci da yawa da aka kawo mini da kukan suna mutuwa a giya, awa ɗaya a kan distributa ta warkar da su, zuƙo ma ya ƙaru da inci ɗaya ko biyu.

Ranar ɗaurawa, abu biyu ne suke lalata aiki. Na farko zaman kwanbata. Ka zuba mata mai kamar lita ɗaya, ka zura ta a bakin giyabos kana juyawa kana turawa har ka ji ta faɗa sau uku, na ƙarshe shi ne shigarta cikin famfo. Bayan an haɗa giyabos da injin, dole ta riƙa juyawa da hannu, da tazarar inci 1/8 zuwa 3/16 tsakaninta da faifan bayan injin, kai ne za ka jawo ta gaba ka ɗaure. Idan ka ga ta manne da faifan tun kafin ka ja, ba ta zauna ba, kada ka matse da kusoshi, famfo zai fashe. Na biyu tayar da sabon kamshaf. Duk waɗanda na ambata masu shafaffen tafet ne, kuma baƙin man zamani an rage masa sinadarin zinki da suke dogara da shi. Sabon kamshaf da sababbin tafet, sifirin ɗin bawul da kamfanin ya ce, man da aka yi domin wannan aikin, kafireta cike da fetur da tayimin a kusa don injin ya kama a bugun farko. Yana tashi ka kai shi 2,000 zuwa 2,500, ka riƙa ɗan hawa da sauka na minti 20 zuwa 30, kada ka bar shi ya yi sulo. Tozo ɗaya ya cinye, garin ƙarfensa ya zaga injin gaba ɗaya. Idan aljihu ya yarda, kamshaf mai tafet na rola, wato mai ɗan taya a gindinsa, ya raba ka da wannan fargabar, Chevrolet ma ta koma kansa a motocinta tun 1987.

Kafin ka kashe ko dala ɗaya, ka tabbatar da abin da ke ƙarƙashin motar, domin mota mai shekara hamsin da ɗoriya ta bi ta hannaye da yawa, takarda na iya cewa 2.73 alhali wani ya canja. Ka tare tayoyin gaba, ka ɗaga tayar baya ɗaya ka kafa mata madogari, ba jak kaɗai ba, giya a N. Ka yi alama da alli a taya da farfela, ka juya tayar sau biyu cif kana ƙirga juyin farfela. Idan ta yi biyu da kusan kashi uku cikin huɗu, 2.73 ce, idan ta ɗan haura uku, 3.08 ce. Idan tayar ta ƙi juyawa, aksul ɗinka mai kulle ne, sai ka ɗaga duka biyun ka juya sau ɗaya. Daga nan ka cire fulogai ka auna matsin kowace silinda injin yana da zafi, totur a buɗe, sannan ka sa gejin zuƙo ka karanta shi a P da kuma a D, wani yana danne maka birki. Ka turo mini waɗannan lambobi tare da lambar da aka zuba a jikin kan injin ƙarƙashin murfin bawul, sai mu tsayar da kamshaf ɗaya da sitol ɗaya.